Ranar da kwanso ya ƙi fita

Laraba, Sakkwato.

Hazo ya rufe gari tun asuba, kuma yau ɗin ne aka sa mana atisayen harbi da ƙananan bindigogi. Da yake ni ke kula da ma'ajiyar makamai, duk wadda ta ƙi aiki hannuna take dawowa.

Ba a daɗe da farawa ba wani kofur ya ɗaga hannu. Kwanson harsashi ya maƙale a tagar da yake fita, marfin sama ya danne shi a tsaye. Na ji daɗin ganin bakin bindigar na kallon tudun yashi, yatsansa kuma nesa da kunamar bindigar. Ya ce, "Yallaɓai, bindigag ga ta mutu." Na ce masa da ranta.

Fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, da ƙarfin harbinta take aiki. Harbin ne ke tura marfin baya, ƙugiya ta jawo kwanson, ya bugi wani ɗan ƙarfe ya yi tsalle waje, sannan sifirin ya dawo da marfin tare da sabon harsashi. Duk abin da ya rage wa marfin nan gudu, to kwanso zai tsaya a hanya. Shi ya sa nake fara duba mai harbin: in wuyan hannu ya yi sako-sako, bindigar gaba ɗaya ke ja baya, marfin ya rasa abin dogara. Sai na miƙa wa saje mai riƙo da kyau, shi ma ta maƙale masa. Ashe ba hannu ba ne.

Na cire gidan harsashi, na duba cikinta da ido da yatsa, sannan na kwance ta. Kofur ɗin ya malala mata mai don yana son ta, man ya kama ƙurar hunturu da baƙin albarushi, suka zama laka a ƙarƙashin ƙugiyar har ba ta iya cafke gindin kwanso. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin an koya musu cewa mai gata ne ga ƙarfe, ba a gaya musu cewa a ƙasarmu ta ƙura kaɗan ake shafawa, inda ƙarfe ke gogar ƙarfe kawai. Buroshi da tsumma suka gama aikin, ta koma harbi lafiya lau.

Wata kuma bayan azahar ta bar kwanson a ciki, sabon harsashi ya zo ya tokare shi. Ita sifirin ƙugiyarta ne ya saki. Wani ya ce a ɗan goga ta da magagari, na ƙi, na rubuta lambarta a littafi na ajiye ta gefe. Na kuma ware wasu harsasai na milimita 9 da suka fara yin kore. Ɗakin ajiya na shan wuta a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40.

Cikin yaran nan akwai masu tafiya aiki wajen Isa da Sabon Birni, kowa kuwa ya san halin da hanyar take ciki. Na roƙi oga ya ba ni dama in duba bindigar kowannensu kafin su tashi, ya amince. Takardar neman sababbin sifirin kuma gobe da safe zan kai ofis, in Allah ya kai mu.