Dutsen da ya tuna zafin da ya sha

Hajiyata ta ga wani baƙin dutse a kan tabarmata a Garwa, wanda na tsinto a wajen Poli, ta ce, "Kai kuma, karatun naka ya koma tara duwatsu?" Na ce, "Hajiya, so nake in san irin wutar da ya sha." Ta yi tsaki ta wuce madafa.

Alhali gaskiya na faɗa. Ragowar halittun da laka ta binne tun fil azal takan zama kabon, wato sinadarin nan na gawayi, a cikin dutse. In ƙasa ta danne shi ya yi zafi, kabon ɗin sai ya riƙa jeruwa sannu a hankali har ya zama irin baƙin nan na cikin fensir. Abin da ya fi burge ni, ba ya komawa. Kamar ƙwai ne, in ya dahu ya dahu, ko ka tsoma shi a randa.

Ana yanka dutsen siriri, a haska masa lesa, wato wani siririn haske mai ƙarfi, a auna hasken da ya dawo. Da sunan Raman, Ba'indiyen da ya ci kyautar Nobel a 1930, ake kiran dabarar. Zanen da na'urar awon ke fitarwa yakan nuna tudu biyu, ɗaya wajen lamba 1350, ɗaya wajen 1580 a kan ma'aunin zanen. Na farkon na raguwa gwargwadon zafin da dutsen ya sha. Wani masanin duwatsu mai suna Beyssac da abokan aikinsa a 2002 suka mai da wannan ma'auni, daga digiri 330 zuwa 650, da kuskuren kusan digiri 50.

Ni dai na'urar ce ban da ita. Dutsen na nan, Hajiya ta tare ƙofa da shi.