Azumin Kirista a Ingila: Waƙa Ɗaya Kowace Safiya

Wanda ya taso a Jos ko Wusasa, ya saba da taron addu'ar yamma a lokacin azumi, zai ji gari shiru idan ya sauka a Ingila. A wurin aiki ba mai sanin kana azumi. Abin da za ka tarar a yawancin cocin Angilikan shi ne ƙaramin zaman karatu sau ɗaya a mako, a zauren coci ko a falon wani, da shayi a gaban kowa. Ba Littafi Mai Tsarki kaɗai ake buɗewa ba, har da rubutattun waƙoƙi da ƙagaggun labarai. Kada wannan ya tsorata ka, domin Zabura ma waƙa ce.

Daga Larabar Toka zuwa jajibirin Ista kwana 46 ne, a cire Lahadi shida, saura 40. To, waƙa 40 kake bukata, gajeru, kowace ba ta wuce shafi ɗaya ba. Sunan da za ka fi ji shi ne George Herbert, marubucin waƙoƙi kuma limamin wani ƙauye kusa da Salisbury, wanda ya rasu a 1633. Turancinsa tsoho ne, kuma nan ne baƙo ke karaya. Maganin shi ne ka karanta da murya sau biyu kafin ka taɓa ƙamus, ka zaɓi layi ɗaya kacal, ka juya shi da Hausa a bayan takarda, ka sa a aljihun rigar aiki. Sai ka rufe da Zabura ta 51 da Hausa, yaren da ka fara addu'a da shi. Minti goma ya isa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko labari mai shafi 600. Mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi ba zai kai rabi ba, kuma laifin da zai ɗora wa kansa ya fi ƙarfin ribar. Nemi mai shafi 200, ka ci biyar a rana.

Katin laburaren unguwa kyauta ne, ka dai tafi da takardar da ke nuna adireshinka. Aro yawanci na mako uku ne, azumi kuwa ya haura shida, don haka ka sabunta sau biyu ta intanet tun kafin ranar mayarwa ta wuce.