Ruwa ya tsare ni a gidan Baba mai ƙararrawa

Asabar, da dare.

Makullin ɗakin ajiya kawai na je karɓa. Gobe mu ke da waƙa a sujadar Hausa, gangunanmu suna kulle, shugaban mawaƙa kuma ya tafi biki Kafanchan, ya ce in je wurin Baba da la'asar. Na ce wa mai acaɓa ya jira ni minti biyar. Ko gaisuwa ban gama ba, hadarin da ya yini yana haɗuwa ta gabas ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Mai acaɓa ya ce shi kam ba zai jiƙe a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ya ja babur ɗinsa ya bar ni.

Shekara shida ke nan ina wannan coci. Baba ne ke buɗe ƙofa, shi ke shara, shi ke jera benci, shi ke buga tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota da aka rataye a darbejiya, wanda muke kira ƙararrawa don girmamawa. Duk Lahadi, "Ina kwana Baba?" "Lafiya lau, 'yata." Iyakar sanayyarmu ke nan. Ban ma taɓa leƙa ɗakuna biyun da suke zaune a bayan coci ba sai yau.

Mama ta shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗaki, ta turo mini dafaffiyar gyaɗa da masara gasasshiya. Ita na san ta, don ita ce ke kaɗa tulu a Zumuntar Mata, tulun nan da ake buga bakinsa da soso ya riƙa amo kamar daga cikin rijiya. Ban dai taɓa sanin matar Baba ce ba. Da na faɗa, dariya ta yi har da tafa hannu, ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya ina dafa masa tuwo, ke sai yau za ki ɗaura mana aure?"

Baba kuwa hankalinsa na kan tattabarunsa. Tsofaffin tukwane ya jera a kan katanga ƙarƙashin kwano, kowace tukunya ɗakin ma'aurata biyu. Yana tsaye da buhu a ka yana leƙawa ko ruwa na shiga. Ya nuna mini wadda ke kwanci: ƙwai biyu take yi, ba ƙari, namiji da mace kuma karɓa-karɓa suke kwanciya a kai, kwana 18 su ƙyanƙyashe. Na tambaye shi ko sayarwa yake yi. Ya ce da wuya. Duk wanda aka sanar a coci cewa yana kwance, ko wadda ta haihu, Mama kan yi farfesun 'yan shila biyu a kai masa. Sai na tuna kwanon farfesun da aka kawo wa mahaifiyata bara bayan an yi mata aiki, aka ce daga coci ne. Har godiya muka je muka yi wa fasto. Na yi shiru, na ci gaba da ɓare gyaɗa.

Hausarsa ce ta sa na yi masa tambayar da ni kaina nake jin haushi in an yi mini. Na ce, "Baba, ku asali mutanen ina ne?" Ya ce, "Bahaushe ne ni gaba da baya, kin ga kuwa ba ke ce ta fara ba." Ya ce a tasha ko a asibiti, in ya faɗi sunansa na baftisma, sai a ce to amma wane yare? In ya ce ba shi da wani yare sai wannan, a dube shi kamar ya yi ƙarya.

A Wusasa, kusa da Zariya, aka haife shi. Daga nan labari ya ɓalle, ruwa ma kamar ya san ana hira, ya ƙi tsayawa. Kakansa, in ji shi, daga cikin Isawa ya fito, almajiran wani Malam Ibrahim na Kano wanda karatunsa ya kai shi ga fifita Annabi Isa, aka kashe shi a kasuwa, mabiyansa suka watse, wasu har ƙasar Ningi. Tun ba su taɓa ganin Bature ba suke jiran wanda zai zo ya ƙara musu bayani. Zuriyarsu ce ta haɗu da Likita Mila na CMS, mishan ɗin cocin Anglican, wanda ya zo tare da Bishop Tugwell a 1900, Sarkin Kano Alu ya sallame su, daga baya ya zauna cikin birnin Zariya a 1905. Aka tara zuriyar Isawan a ƙauyen Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, a 1929 kuma mishan ya tashi daga birni ya koma Wusasa. Ya ce in ban taɓa shiga tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ba, in je in gani: ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa, in ka shiga sai ka ce soron sarki. Ya lissafo mini 'yan garinsu da alfahari, Dokta Barau Dikko likitan farko daga Arewa, Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da Janar Gowon da ya tashi a can. Mama ta ce, "Shi kuma ya zo ya ƙare a tsintsiya." Ya ce, "Ai ko su sai an share musu ofis."

'Ya'yansu biyar. Babbar malamar asibiti ce, ɗaya yana walda a Kaduna, autar tana aji biyar a sakandare, ita ce ta shigo a jiƙe da botiki tana tarar ruwan indararo. Baba yana da ɗan'uwa Musulmi a cikin birni, 'ya'yan wa da ƙani suke. Da Babbar Sallah cinya guda ake aiko masa, da Kirsimeti shi kuma ya aika shinkafa da zakara mai rai, don su yanka da hannunsu.

Na ƙirga 'ya'yan, na ga huɗu aka ambata har da wani da ke bautar ƙasa. Ban tambaya ba. Shi ya faɗa da kansa, yana kallon ruwa: na biyun ya rasu a hatsarin mota, saura wata biyu aurensa. Ya ce, "'Yata, ba zan ɓoye miki ba, na yi wata bakwai ban yi addu'a ba. In na durƙusa, bakina ya ƙi buɗuwa. Amma ƙarfe biyar na asuba ƙafata ta san hanyar darbejiya. Ina buga wa mutane su zo wurin Allah, ni kuwa ina fushi da shi." Na ce to yaya aka yi? Ya ce ba wani abin mamaki da ya faru. Wata safiya yana sharar bagade ya ji yana rera waƙar da yaron yake so, bai san lokacin da ya fara ba. Ya jingine tsintsiya ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Mama ta tashi ta shiga ɗaki, wai za ta duba wuta.

Don in sauƙaƙa zancen na kawo Zabura 84, inda mai zabura ya gwammace tsaron ƙofa a gidan Allah. Ya yi murmushi, ya ce duk faston da aka kawo cocin nan sai ya karanta masa wannan aya a makon farko, kamar sun haɗa baki. Ya shiga ya ɗauko Littafi Mai Tsarki na mahaifinsa, tsohuwar fassarar da aka fara bugawa a 1932, an ɗinke bangon da fata, takardun sun yi launin shayi. Ya buɗe Yohanna sura 6 (a nawa Yahaya aka rubuta, muka ɗan yi musu a kan wannan). Ya ce kowa gurasa biyar da kifi biyu yake wa'azi a kai, da mutum 5,000 da suka ƙoshi. Shi abin da ya tsaya masa a rai shi ne, bayan an gama ci Yesu ya sa a tattara gutsattsarin kada kome ya ɓace, har kwando 12. "Kin ga ko a ranar mu'ujiza sai da aka yi shara. Kuma manzanni ya sa."

Shekara nawa ina karanta wurin nan, ban taɓa tsayawa a kan kwandunan ba.

Ruwa bai ɗauke ba sai bayan magariba. Mama ta hana ni tafiya sai da na ci tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, Baba ya raka ni bakin titi da tocila yana nuna mini inda ba taɓo, ya tsaya har na samu Keke Napep. Ya ce in gaida mahaifiyata, ya tambayi ƙafar tata, har ya san wacce ce aka yi wa aikin.

Sai da na cire takalmi a gida na tuna makullin. Yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofarsu, inda ya nuna mini tun da na shiga. Na saita agogo ƙarfe huɗu da rabi, in same shi a gindin darbejiya.