Godiya ga 'yan kwana-kwananmu na sa-kai, da duk wanda ya tsaya mana

Assalamu alaikum. Sai yanzu hannuna ya daina rawa har na iya riƙe waya na yi rubutu. Kun san gobarar da ta same mu a gida, da yawanku kun ga hotuna, ba sai na maimaita ba. Dukkanmu muna raye, alhamdu lillahi. An sallamo Auta daga asibiti, tarin ya yi sauƙi, likita ya ce ƙirjinsa lafiya lau. Falo da ɗaki biyu sun tafi, abin da wuta ta bari kuma hayaƙi da ruwa sun raba. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin raina. Muna tsaye a waje ina ƙirga yara, na ƙirga na sake ƙirgawa, ɗaya babu, Auta. Ban san sa'ad da na nufi ƙofa ba. Sai ji na yi an cafke ni ta baya, riƙo na gaske. Mace ce, cikin hular kwano da wannan rigar tasu mai nauyi. Ba ta tsaya rarrashina ba. Ta ce, “Maman yara, wane ɗaki?” Na nuna. Ta ce, “Ƙofarsa a rufe take ko a buɗe?” Na ce a rufe, shi kullum sai ya rufe yake barci. Ta ce, “To mun gode Allah. Ki tsaya nan, in kin shiga mutum biyu za mu nema.” Ta faɗa wa na kusa da ita, biyu suka saɓa tukunyar iska suka shiga da rarrafe, saura suka kafa tsani ta taga. Ta taga aka miƙo min shi, yana tari yana kuka, fuskar nan baƙi ƙirin. Ban taɓa jin kukan da ya yi min daɗi irin wannan ba.

Daga baya take gaya min a gobarar gida hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, mutum na barci zai shaƙa ya wuce bai ko farka ba. Rufaffiyar ƙofar nan ce ta tare masa hayaƙi da zafi har suka iso. Ta ce iskar da ke bayansu ma a ƙa'ida wajen rabin awa take yi, in mutum na haki da aiki ba ta kaiwa, shi ya sa tambayar farko ita ce wane ɗaki, don kada a ɓata ta wajen lalube. Don Allah ku riƙa rufe ƙofar ɗakin yara da dare.

Sun roƙe ni kada in kama suna. Na ji, amma ba su hana ni kama sana'a ba. Wadda ta riƙe ni ma'aikaciyar jinya ce, daga aikin dare ta dawo ko takalmi ba ta cire ba kira ya shigo. Direban tankar ruwa bakanike ne. Da ruwan ya ƙare shi ya yi ta zirga-zirga zuwa tafki yana cikowa, tunda layinmu babu famfon gobara. Waɗanda suka shiga ɗakin, ɗaya malamin makaranta ne, ɗaya kuma yaro ne matashi da nake gani a bakin aikinsa ban taɓa ce masa ko sannu ba. Malamin nan, bayan kowa ya ce wuta ta mutu, ya ƙi tafiya. Ya ɗauki na'urar da ke nuna zafi yana bin silin, ya sa aka ɓalle wani gefe, sai ga katako yana ci a ɓoye, daidai saman ɗakin da muke shirin shimfiɗa wa yara. Gari ya waye a kansa, ya wanke fuska ya wuce aji.

Ba wanda ke biyansu ko sisi. Da na je ofishinsu yin godiya, dattijon da ke shugabantarsu ya zaunar da ni ya nuna min tsohon littafin da suke rubuta kowane kira. Ya ce iyayensu ne suka kafa ƙungiyar bayan wata gobara da aka kashe da bokiti hannu da hannu, motar babban gari ba ta iso ba sai da komai ya zama toka. Da karo-karo suka sayi motar farko, ita ma ta hannu. Na ce Baba, ni fa na ɗauka mu kaɗai ne muka dogara da 'yan sa-kai saboda ƙanƙantar gari. Ya yi dariya ya ce aikin ya girme mu duka. Tun 1736 Benjamin Franklin ya tara maƙwabta a Filadelfiya ta Amurka, kowa ya ajiye gugan fata da buhun kwashe kaya a gidansa, kuma har yau a Amurka 'yan sa-kai sun fi masu albashi yawa. A Jamus sun kai kusan miliyan guda. A Chile kuwa, tun daga ƙungiyar farko ta Valparaiso a 1851, masu kashe gobara ba sa karɓar albashi. Na zauna ina kallon rigunansu a rataye, kowace da takalmanta a ƙasa an riga an zura wando a ciki don sauri, na rasa abin cewa.

Ya Allah, ka saka musu da mafificin alheri. Ka tsare su duk inda suka shiga, ka mayar da su ga iyalansu lafiya. Yadda suka fitar min da ɗana daga wuta, Allah ka nisanta su da wutar lahira, su da iyayensu da 'ya'yansu. Matansu da mazajensu da ke kwana ido biyu in jiniya ta tashi, Allah ka ba su ladan haƙuri.

Maƙwabciyata da ta ba mu ɗakinta ta koma falo, Yaya da ya kwana a hanya don ya iso, Gwaggo da ta zauna da Auta a asibiti duk da ciwon ƙafarta, malaman makarantar yara da suka haɗo littattafai da kayan sawa: Allah ya biya ku. Akwai na jiki da har yau saƙon jajensu bai wuce alamar kuka a Facebook ba. Na san kowa da uzurinsa, ba zan ce komai ba. Na dai gani.

Masu tambayar me za su kawo mana, mun samu rufin asiri. In da hali ku kai wa 'yan kwana-kwana, mesa biyu suka lalace a gidanmu, kuma Baba ya ce babbar matsalarsu kiran rana ne, lokacin da kowa ya tafi nema, wani sa'in da ƙyar ake samun mai tuƙa mota. Maigida ya riga ya ba da sunansa, zai fara zuwa atisaye da zarar hannunsa ya warke. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba ku yi min uzuri, barci nake bi bashi.