Bes ɗin Fender a Legas: wuya nake fara dubawa

Jitar bes biyar, wato jita mai kaurin murya, ke ɗakina a Agege, kuma duk 'yan gida ɗaya ne, gidan Fender: Precision biyu, Jazz biyu, sai Mustang ɗaya mai gajeren wuya. Babu wadda na saya sabuwa fil a kwali. Duk tokumbo ne, wasu daga shagunan kayan kiɗa na Alaba International da ke Ojo, wasu daga hannun makaɗan coci da na biki da suka koma mai tsirkiya biyar suka saki mai huɗu.

Abin da ya tsayar da ni kan wannan gida shi ne sauƙin gyara. Leo Fender mai gyaran rediyo ne kafin ya fara ƙera jita, kuma da idon mai gyara ya tsara Precision a 1951, ya biyo da Jazz a 1960. Yawanci sukuru huɗu ne ke riƙe da wuya ta baya, babu gam. Cikin Precision kuwa fikof ɗaya ne, wato maganaɗisu mai naɗin waya da ke ɗaukar muryar tsirkiya, maɓallin ƙara ɗaya, na sauti ɗaya, ɗan kafasito, sai bakin da ake soka waya. Duk yaron da ya iya riƙe ƙarfen soda a shagon gyaran rediyo zai iya da ita. A garin da ƙwararrun masu gyaran jita ba su da yawa, wannan ya fi mini kowane ado.

Bambancin biyun a hannu ake jin sa kafin kunne. Faɗin wuyan Jazz daga sama, inda tsirkiyoyi ke kwanciya kafin su shiga kai, milimita 38 ne. Na Precision 41 ne a ƙirar yanzu, tsofaffin kuma sun kai 44. Tsawon tsirkiya daga can zuwa jaki, wato ƙarfen da ke ɗauke da tsirkiyoyi a gindi kamar jakin garaya, inci 34 ne a dukansu. Mustang, da ta fito a 1966, inci 30 ce.

In zan je saye, jakata ba ta rabuwa da kafo, wato ɗan maƙalin da ke danne tsirkiyoyi a wuya, da fila-geji irin na makanikai, da ƙaramar rula ta ƙarfe, da mita, da sukundireba, da alanki iri biyu, na inci da na milimita. Ban damu da fenti ba tukuna. Fikof ana sakewa, jaki ana sakewa, maɗauran tsirkiya ana sakewa. Wuya in ya mutu, rabin kuɗin jitar ya tafi.

Da farko sai in ɗaure tsirkiyoyi su kai muryarsu ta daidai, domin sai da nauyi a kansa wuya ke nuna halinsa. Tsirkiya huɗu masu kaurin 45 zuwa 105 suna jan wuya da ƙarfin da ya haura kilo 70. Sai in ɗaga jitar, in sa ido daga kai in leƙa har gindi, ta gefen tsirkiya mai kauri, sannan ta gefen siririya. Layukan biyu su yi lanƙwasa iri ɗaya. In gefe ɗaya ya miƙe, ɗayan ya yi ciki, wuyan ya murɗe, kuma sandar ƙarfen da ke cikinsa ba ta gyara murɗewa. Nan nake ajiyewa in yi sallama. Haka ma in ƙarshen wuyan, daga firet na 15 zuwa na 20 (firet su ne siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuya), ya ɗago kamar bakin kwalekwale: duk yadda ka saita, sama-sama za ta riƙa kukan ƙarfe.

Bayan ido sai awo. A maƙala kafo a firet na 1, a danne tsirkiya mai kauri a firet na ƙarshe, a zura fila-geji tsakanin tsirkiya da kan firet na 8. Abin da ake nema wajen milimita 0.3 ne. In ya fi haka nesa ba kusa ba, sai in nemi izinin mai kaya in taɓa sandar wuya. A nan mutane da yawa ke jin nauyin tambaya, kuma a nan ne ake cutuwa. In sassauta tsirkiyoyi, in fara juya notin baya kaɗan don in ji ko yana motsi, sannan in juya shi dama rubu'in zagaye. In ya tafi da ɗan nauyi, lafiya. In ya ƙage kamar an kai bango alhali wuyan na nan a lanƙwashe, sandar ta ƙure. In yana juyawa sakaka ba ya kama komai, ta tsinke ko zarenta ya cinye. Mai kayan da ya hana a taɓa sanda, ni dai ba na ciniki da shi.

Alanki shi ne abin da ya fi kashe notin nan. Yawancin bes ƙirar Meziko da na Amurka na zamani suna cin alanki mai inci 3/16, wato milimita 4.76. Na milimita 5 ba ya shiga, sai mutum ya ɗauko na 4.5, ya shiga da ɗan wasa, ya murɗa, ya goge kusurwoyin notin. Daga ranar babu alankin da zai sake kama shi. Shi ya sa nake haska ramin da fitilar waya in ga ko kusurwa shida na nan da kaifinsu.

Sai maganar asali. Kaya na zuwa a gauraye cikin kwantena, kuma sau tari shi kansa mai shagon bai san abin da ke hannunsa ba. Tambarin Fender takarda ce da kowa zai iya liƙa wa wuyan jita mai araha. Lambar da kamfani ke bugawa a kan jitar tana taimakawa: ƙirar Meziko na farawa da MN a shekarun 1990, MZ a na 2000, MX daga 2010, kuma abin da ke biye shi ne shekarar, kamar MX15 na nufin 2015. Na Amurka S ne a ƙarshen shekarun 1970, E a na 1980, N a na 1990, Z a na 2000, US daga 2010. Amma lamba ma ana bugawa, don haka nake cire wuyan in duba. A gindinsa yawanci akwai hatimin kwanan wata, kuma ramin da yake zama ciki yana nuna ainihin katakon. In ka ga falle-falle kamar filawud, magana ta ƙare. A tsofaffin na Amurka, sau tari bayan maɓallin ƙara na ɗauke da lambar da ta fara da 137, alamar kamfanin CTS, sai shekara, sai mako: 1377824 na nufin mako na 24 na 1978. Idan wannan, da hatimin wuya, da lambar kai suka yi kusa da juna da tazarar shekara ɗaya ko makamancin haka, hankalina ya kwanta.

Wanda ya ce maka yana da ta kafin 1965, shekarar da kamfanin CBS ya sayi Fender, a farashin da kai da ni za mu iya biya, ka saurare shi da ladabi ka wuce. A ganina, ƙirar Japan da aka fara a 1982 ita ce ta fi biyan kuɗinta, ta Meziko kuma ita ce mai jure wahalar aiki. Na ƙarshen shekarun 1970 masu katakon ash suna da daɗin murya, sai dai wasu sun haura kilo 5, don haka ka auna da sikelin rataye kafin ka ɗauki alkawarin tsayuwar awa huɗu a biki. Mai kilo 4 zuwa 4.3 ita ce daidai kafaɗata.

Fikof kuwa mita ke faɗin gaskiyarsa. Soka waya a jita, buɗe ƙara har ƙarshe, auna tsakanin kan filogi da jikinsa. Precision na nuna wajen om dubu 10 zuwa 11. Jazz, in an buɗe fikof ɗaya kawai, wajen dubu 7 zuwa 8. In ka ga lamba ta doshi dubu 250 a Precision, ko rabin haka a Jazz, maɓallin kawai kake aunawa, naɗin wayar cikin fikof ya tsinke.

Saye kwana ɗaya ne. Riƙo shi ne aikin, kuma a Legas laima ce abokiyar gaba. Katako ya fi son danshin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a tsakiyar damina, Yuni da Yuli, muna wuce 80. Allon da ake danna tsirkiya a kai yana shan ruwan iska ya kumbura, ya tura wuya baya, tsirkiyoyi su kwanta kan firet, sai ka ji zizar ƙarfe daga na 1 zuwa na 5. Maganinsa a sassauta sanda, hagu, rubu'in zagaye ko rabin haka, a bar ta ta kwana, a sake awo. Kada a ɗaga jaki don korar wannan zizar. Za ta tafi, amma tsirkiyoyi za su yi nisa a tsakiyar wuya, hannu ya sha wahala a banza. Idan hunturu ya leƙo a Disamba da Janairu sai abin ya juya: katako ya tsuke, lanƙwasa ta ƙaru, bakin firet ya fito ta gefe yana kartar hannu. Sau biyu a shekara ke nan nake taɓa kowace sanda, a farkon damina da shigowar hunturu.

Sai wuya ya zauna nake saita sauran, kuma a jere suke, ba a tsallakewa. Tsayin tsirkiya a firet na 17: milimita 2.4 a mai kauri, 2 a siririya. Sannan fikof, a danne firet na ƙarshe a auna daga kan maganaɗisu: wajen 2.8 ta gefen mai kauri, 2 ta ɗayan. In ya matso fiye da haka maganaɗisu na jan tsirkiya, murya ta riƙa rawa. Daga ƙarshe a gwada muryar firet na 12 da ta tsirkiya a sake. In ta 12 ta ɗara, a ja sirdin jaki, ɗan ƙarfen da tsirkiyar ke kwance a kai, baya. In ta gaza, a tura shi gaba.

Tsatsa daga ƙananan sukurun sirdin jaki take farawa, domin nan gumin hannu ke taruwa. In sun ƙage, saiti ya gagara. Ɗigon man keken ɗinki ɗaya a kan kowanne, duk lokacin da aka sake tsirkiya, ya wadatar. Abokanmu na Lekki da Ajah, da iskar teku ke kai musu gishiri har ɗaki, sai sun ninka wannan. Tsirkiya kuma a goge ta da busasshen ƙyalle sama da ƙasa bayan kowane kiɗa. Na san masu dafa tsofaffin tsirkiyoyi a tukunya don muryarsu ta dawo. Tana dawowa na 'yan kwanaki, sai ruwan da ya maƙale ciki ya haifi tsatsa. Jiƙa su cikin sifirit na kwana ɗaya ya fi. Allo na katakon rozwud kuwa ɗigo biyu ko uku na farin mai na ma'adini sau ɗaya a shekara ya ishe shi a nan. Man ja da man gyaɗa suna daskarewa su yi wari, kada su kusance shi. In za ka goge firet da soson ƙarfe, rufe fikof da salatif, don maganaɗisu na tattara garin ƙarfen ya shigar da shi cikin naɗi.

Akwati yana kare jita daga bugu a danfo, amma yana iya zama gidan fumfuna. Audugar cikinsa na riƙe danshi. Ina sa babban ƙunshin silika, ƙwayoyin nan masu tsotse danshi, a kowanne, da ɗan ma'aunin laima, kuma in silikar ta ƙoshi sai in gasa ta kaɗan ta bushe. Akwatin shi kaɗai, babu jita, nake shanyawa a rana. Ba na jingina su da bangon da ruwa ke duka ta waje, ba na kuma ajiye su a ƙasa; kanta ce mai tsayin gwiwa, saboda wanda ya san daminar Legas ya san ruwa na iya shigowa ɗaki cikin dare. But ɗin mota a cikin go-sulo da rana tsaka ma haramiyarsu ne. Mai tsohon fenti na naitiro, irin wanda aka yi amfani da shi kafin ƙarshen shekarun 1960 da kuma kan wasu ƙirar kwaikwayon tsofaffi, kada ta zauna kan maratayi mai roba, robar na narka fentin. Ƙyallen auduga a tsakani ya raba gardama.

Wuta ma sai an kula. Tamu bolt 230 ce, amfilifayar da aka ƙera don Amurka 120 take ci, sai da taransifoma mai rage wuta. Gurnanin da ake ji a sifika kuwa yana da gwaji mai sauƙi. In ka taɓa tsirkiya ya ragu, wayar at ɗin jitar, wato wadda ke zubar da wuta ƙasa, lafiya take, rufin ciki da ke kare wayoyi daga gurnani ne babu, kuma salatif na tagulla a ramin wayoyi zai rage shi. In ka taɓa bai canza ba, wayar da ke ƙarƙashin jaki ta rabu. Jazz tana da nata hali: fikof ɗinta biyu na kashe gurnanin juna ne in an buɗe su daidai wa daida, ka rage ɗaya ya dawo, wannan ba lalacewa ba ce. Amma in ka ji tsirkiya ta ɗan ja ka, ko makirufo ya tsikari leɓenka, musamman a kan janareto, ajiye jitar nan take. Soket ɗin ba shi da at, kuma wannan yana kisa.

Na taɓa kai su takwas, na rage. Biyun da ba na taɓawa su ne suka fara tsatsa da fumfuna, domin jitar da ake kaɗawa ana goge ta, ana kuma jin ciwonta da wuri. Yanzu sharaɗina kowace ta fito daga akwati sau ɗaya a mako, kuma kowace ta zo da abin da sauran ba su da shi: Precision ɗaya na ɗauke da tsirkiya mai sulɓi don hailaif da rege, ɗayar mai kaushi. A ɗaure nake ajiye su, kan muryarsu, tunda da wannan nauyin aka saita sandar. Duk abin da na cire na asali, ko sukuru ɗaya ne, yana cikin leda da sunan jitar a jiki, don ranar sayarwa shi mai saye zai fara tambaya. Fenti kuma ba na sakewa ko ya kwarzane.

Kowace tana da shafinta a wani ɗan littafi: lamba, nauyi, awon fikof, ranar da aka sa tsirkiya, da awon firet na 8 a Mayu da Disamba. Littafin ne ya nuna mini cewa Jazz ɗin Japan kusan ba ta motsi tsakanin damina da hunturu, Mustang kuwa rubu'in zagaye take nema duk Disamba.