Sun yanke masa dammunansa a hoto

Na gama aikin ɗaukar hotunan 'yan ƙwadago a gona, baƙi da fari, tun daga huɗa har girbi, aikin ya yi kyau Alhamdulillahi, amma abu ɗaya ya tsaya min a rai har yau.

Akwai wani dattijo cikin masu yanka da lauje, duk cikinsu ba mai saurinsa. Na ɗauke shi da yamma rana ta yi sanyi haske na zuwa ta gefe, ya miƙe yana share zufa da bayan hannu, a bayansa ga dammuna jere waɗanda shi ya ɗaure. Mutum ne ya gama aikinsa yana kallon abin da hannunsa ya yi. Sai wata ƙungiya ta nemi hotuna don rahotonta na shekara, da baki muka yi magana ba rubutu, na tura. Da rahoton ya fito sai ga shi sun yanke dammunan kaf, sun bar fuska da hannu a goshi, sun ƙara duhu har duk wata yamutsewar fata ta fito, a ƙasa kuma suka rubuta magana kan yunwa da fatara. Mai share zufa ya koma kamar wanda ya rasa na abinci.

Baƙi da fari fa yana da saurin yi wa mutum ƙarya, shi ne abin da ba a gaya wa sabon shiga. Kyamara kanta idan ka bar ta ta auna haske, kullum so take ta mai da komai toka-toka, to ga sama ta yi fari tas da rana, sai ta rage haske, fuskar mai baƙar fata ta dulmuye ka ga riga kawai da hula. Ni a kan fuska nake aunawa, ko in ƙara hasken da mataki ɗaya, kuma da RAW nake ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, don in samu abin ja daga inuwa. A wajen gyara ma haka ne, a manhajar gyaran hoto ta Lightroom ka ɗaga launin ja da ruwan lemo fata ta yi haske ta yi laushi, ka sauke su ka ƙara kaifi mutum ya tsufa nan take. Abin da suka yi wa hotona kenan, aikin da bai kai minti ɗaya ba.

Kuma ba kaina farau ba. Wata mai ɗaukar hoto Ba'amurkiya, Dorothea Lange, ta ɗauki wata uwa da 'ya'yanta a sansanin masu aikin gona a Nipomo ta jihar Kalifoniya a watan Maris 1936, hoton ya zama alamar talaucin Amurka na wancan zamanin, amma ba ta rubuta sunan matar ba. Sai a 1978 duniya ta san Florence Owens Thompson ce, kuma ta fito ta nuna ɓacin ranta, ta ce ko kwabo ba ta samu daga hoton ba. Na san labarin nan sarai kafin in shiga gona, na kula da neman izini, na kula da rubuta sunan kowa, ina durƙusawa in daidaita kyamara da idon mutum don kar in ɗauke shi daga sama kamar ina leƙa shi. Abin da zai faru bayan hoton ya bar hannuna ne ban tsare ba.

Na kai wa dattijon rahoton da kaina don gara ya ji daga bakina. Ya daɗe yana kallo sannan ya ce, ɗana ina dammunana? Na ce Baba yanke su aka yi. Bai ƙara cewa komai ba ya miƙo min takardar.

Yanzu ko uban wa ya nemi hoto sai mun rubuta: ba yankewa, ba taɓa haske ko duhu, kuma bayanin da na rubuta a ƙasa shi za a sa ko a bar hoton. Ina kuma saka bayanin a cikin fayil ɗin kansa. Wanda ke cikin hoton ya fara gani kafin kowa, in ya ce a'a shi kenan, kuma na wanke masa nasa cikakke ya riƙe.

Ƙungiyar ta cire hoton daga intanet bayan na yi ta kira, amma waɗanda aka buga a takarda an riga an raba su, har yau kuma cikin 'yan ƙungiyar ba wanda ya je ya ba dattijon nan haƙuri.