Mun sauke lafiya, ga godiyata

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu. Sai yau na iya zama in rubuta wannan, don tun da muka ce amin ta ƙarshe a gindin tsamiya muryata ta dishe, ƙafafuna kuma suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Barcin da na yi jiya, sai da yara suka riƙa leƙowa suna duba ko ina numfashi. To, mun sauke. Kwana uku na azumi da addu'a domin ƙaramar hukumarmu ta Gombi, da kwanan addu'a na daren ƙarshe a Garkida, Ubangiji ya kai mu ya dawo da mu, ko tuntuɓe babu wanda ya yi.

Ba sai na maimaita muku faman da aka sha ba. Kun san zancen motar da ta mutu mana a hanya, kun san sau nawa aka ɗaga ranar, kun kuma ji masu cewa ganganci ne a tara mata da tsofaffi da dare a Garkida. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Godiyata ta farko ga Baba Fasto, wanda ya kafe tun a zaman shiri cewa kada kowa ya tashi ya ce “Allah ka albarkaci ƙasarmu” ya koma ya zauna. Ya ce kowane gari a kira shi da sunansa, dattijo ya faɗi abin da garin ya gani, sannan a durƙusa. A raina na ce wannan zai ja mana lokaci. Ya kuwa ja, amma da na sani da tun bara muka yi haka. Yaranmu da yawa a daren suka fara jin labarin daga bakin manya, cewa ranar 17 ga Maris 1923 Stover Kulp da Albert Helser, mutanen Amurka, suka yi sujadar farko a gindin tsamiyar nan, kuma daga inuwarta ekklesiyarmu ta EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) ta tashi ta kai Lassa da Marama da Cibok. Sun ji cewa matar Kulp, Ruth, ta rasu a nan a 1924, aikin bai ma yi ƙwari ba, mijin kuma bai tattara ya koma gida ba. Sun ji yadda 'yan Boko Haram suka ƙwace Kwarhi a Oktoban 2014 har hedkwatar ekklesiya da ke can ta yi ƙaura zuwa Jos, da yadda Hong da Gombi suka bi baya a Nuwamba.

Sai Kaka. Ku da kuka ɗauko ta a kujera kun san nauyin da ba ta da shi. A Virgwi aka haife ta, a unguwar kutare da mishan ta buɗe a 1929, kuma ta ce ita da wayonta ba ta taɓa ganin yatsun uwarta ba, dungu ne kawai, da shi ake tura mata tuwo gabanta. Aka miƙa mata abin magana ta ture, wai ita da Allah ba su saba da wannan ba. Ta lissafo ƙabilun da ta tashi a cikinsu a wurin, mutanen da danginsu suka kora daga nesa, Kirista da Musulmi da masu bin na gargajiya, kowa da gwangwanin shan ruwansa. Sannan ta ɗaga kai ta ce: “Uba, ƙasar nan ta karɓi waɗanda kowa ya ƙi. Kai ma kada ka ƙi ta.” Iyakar addu'arta ke nan. Na duba gefena na ga maza masu furfura suna share ido da hula.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa wajen ƙarfe biyun dare ya faru. Sanyi ya sauko daga kogin Hawul, mata sun ƙudundune cikin zanen zumunta, mai buga tulu ma hannunta ya fara sanyi. Sai muka ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma wajenmu suka nufo. Waƙa ta yanke kamar an sa wuƙa.

Ku da ba ku nan ranar Juma'a 21 ga Fabrairu 2020 sai dai ku ji a baki. Muna taron zumuntar mata a majami'a da yamma 'yan Boko Haram suka shigo garin Garkida, muka watse cikin daji da dutse, muka dawo muka tarar da toka. Suka sake dawowa a jajiberin Kirsimeti na shekarar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Cikina ya ɗuri ruwa, ni da na tara mutanen nan, ni da na ce da iyaye su bar 'ya'yansu su zo. Abin da nake lissafi kawai shi ne wa zai ɗauki Kaka. Ita kuwa ta damƙe mini wuyan hannu ta ce, “'Yata, zauna. Na gaji da gudu.”

Ashe Malam mai shayi na bakin tasha ne, da yaransa da wasu 'yan acaɓa. Sun ɗauro itace, da babbar butarsa, da burodi cike da buhu. Ya tsaya daga bakin ƙofa bai shigo ba, ya ce, “Maman yara, ku gafarce mu, mun ji sanyi ya yi yawa ne. Ku ci gaba, muna waje.” Suka hura wuta suka zauna tare da mafarauta har aka kira asuba, suka je suka yi salla suka dawo. Na kasa ce masa komai a lokacin, bakina rawa yake yi. Da safe na bi shi da kuɗi ya ɓata rai. Malam, na san za ka ce don me na fallasa ka, amma yabon gwani ya zama dole. Allah ya tsare maka 'ya'yanka, ya buɗa kasuwarka, ya sa wutar murhunka kada ta mutu.

Tunda na riga na karya doka, bari in ƙarasa. Maman Zumunta, kin sayar da buhun gyaɗarki kin sayi mai, kin ce kada a faɗa, ga shi na faɗa. Ƙanena direba, sau huɗu ka yi sawun Ga'anda da Guyaku ba ka karɓi ko sisi ba. 'Yan matan mawaƙa da kuka wanke tukwane a cikin sanyin nan, da samarin da suka kwana a tsaye a bakin hanya, Ubangiji ya ga hannuwanku.

'Yan'uwanmu na Yola da Abuja, mun ga amin ɗinku a WhatsApp, mun gode. Mun san hidima ta yi yawa. Sai dai mun jera kujeru da sunan gidanmu a sahun gaba, Kaka ta tambaye ni sau biyu ko kun iso, na ce kuna hanya. Zumunci dai a ƙafa yake. Na bar shi a nan.

Ya Ubangiji, ka tuna da Gombi. Ka tuna da Garkida da Virgwi, da Ga'anda, da Guyaku, da ƙasar Lala. Ka ba mu damina mai albarka, manomi ya je gona ya dawo, makiyayi ya kai dabbobinsa ruwa ba tare da an zare wa juna ido ba. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu, ka dawo da waɗanda har yau suke hannun mutanen daji, na Cibok da waɗanda ba a taɓa faɗin sunansu a rediyo ba. Su ma masu ƙone mana majami'u, 'ya'yan wasu ne, ka juyo da zukatansu. Wannan ta ƙarshen da ƙyar take fita daga bakina, amma na faɗa. Amin.

Kaka tana gida, tari ya ɗan kama ta, an ba ta magani, ku sa ta a addu'a. Kujeru da tabarmin aro za mu mayar ranar Talata. Akwai kuma tocila guda da takalmin yaro ƙafar hagu a wurina, mai su ya aiko a karɓa.